Tutar da matan Knoxville suka ɗinka da yaƙin da ba ta ambata ba

A watan Mayu na 1813, a dandalin garin Nashville na jihar Tennessee ta Amurka, aka miƙa wa wata rundunar 'yan sa-kai tuta wadda matan gabashin jihar suka yi wa aikin allura. Farin siliki ce mai sheƙi. Daga sama an jera taurari 18 masu ruwan lemo, ƙarƙashinsu rassa biyu na irin ganyen da Turawa kan naɗa wa gwarzo a ka, sai rubutu, sai siffar kayan yaƙi da mikiyar Amurka ta ware fukafukai. Rubutun ya kira sunan rundunar, ya ce idan yaƙi ya zo a fagen daga ake tsare 'yancin kai, kuma sansanin mayaƙa shi ne mazaunin daraja. Daga ƙarshe aka sa sunan garin Knoxville da ranar 16 ga Fabrairu 1813.

Mutanen da aka ba wannan tuta ba su harba ko harsashi ɗaya a kan abokin gaba ba tukuna. Su kimanin 2,000 ne Janar Andrew Jackson ya kwasa a tsakiyar sanyin Janairu ya gangara da su kudu, da sunan za a tsare New Orleans daga Ingila, wadda Amurka ta shelanta yaƙi da ita a watan Yuni 1812. Shi Jackson idonsa yana kan Florida, wadda take hannun Sifaniya a lokacin. Har ya rubuta wa sakataren yaƙi cewa mutanensa za su yi murna da samun damar kafa mikiyar Amurka a kan ganuwar Mobile da Pensacola da St. Augustine. Suna isa Natchez sai aka dakatar da su, daga baya takarda ta zo cewa an sallame su, kowa ya kama gabansa. Jackson ya ƙi watsar da su a can, ya jawo su gida a ƙafa, marasa lafiya a bisa dawakan hafsoshi. A wannan tafiyar ce suka laƙaba masa Old Hickory, sunan wata bishiya mai taurin tsiya.

Ke nan an ɗinka tutar ne da Ingila a zuci. Amma da aka sake kiran waɗannan mutane a watan Satumba na shekarar, ba Turawan Ingila suka je yaƙa ba. Sun shiga ƙasar al'ummar Muscogee ne, waɗanda Turawa ke kira Creek, a inda yau ake kira Alabama. Tazarar da ke tsakanin abin da tutar ta faɗa da abin da masu ita suka je suka aikata, a ganina, ita ce hanya mafi sauƙi ta gane wannan yaƙi, wato yaƙin Creek na 1813 zuwa 1814.

A fara da taurarin. Tutar ƙasa ta hukuma a 1813 taurari 15 gare ta da ratsi 15, kamar yadda doka ta tsara tun 1795, ko da yake jihohi sun ƙaru bayan nan. Tennessee kanta ita ce ta 16, ta shigo a 1796, don haka babu tauraronta a tutar ƙasa. Ohio ta biyo baya, sannan Louisiana ta zama ta 18 a 1812. Matan Knoxville ba su jira majalisa ba, sun ƙirga jihohi da kansu suka ɗinka abin da suka ƙirga. Babu wanda ya ga laifin haka, domin tutar runduna irin wannan ba kayan gwamnatin tarayya ba ce. Dokar mayaƙan jiha ta 1792 ta wajabta wa duk wani farar fata namiji, ɗa ba bawa ba, mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya shiga rajista kuma ya tanadi bindigarsa da harsasai da jakarsa. Dokar ta ɗora wa manyan hafsoshin kowace bataliya samar da tuta, ƙananan hafsoshi kuma su samar da ganga da sarewa, bisa tsarin da majalisar kowace jiha ta ga dama. Shi ya sa tutocin suka sha bamban, wata an yi mata fenti, wata an yi mata sura da zare, kowace da kirarin da mutanen yankin suka zaɓa. Ko sojan tarayya na ƙasa ma ba da tutar taurari da ratsi suke shiga daga ba a wancan zamani. Shuɗiyar tuta mai mikiya suke ɗauka, sai a 1841 aka ba su ta taurarin.

Wannan ba ƙaramin batu ba ne. Tutar da maƙwabta suka ɗinka tana nuna wa mutum masu yaƙin. Gwamnatin Shugaba James Madison hankalinta yana kan iyakar Kanada, ba ta da isassun sojan da za ta tura kudu. Jihohin Tennessee da Jojiya da yankin Mississippi su ne suka ɗauki yaƙin Creek a wuyansu, kuma su ne maƙwabtan da suka daɗe suna kallon ƙasar Creek da kwaɗayi. Hafsoshinsu lauyoyi ne, da masu gandu da bayi, da dillalan filaye. John Coffee, babban na hannun daman Jackson, mai awon ƙasa ne, kuma bayan yaƙi yana cikin waɗanda aka ba aikin auna ƙasar da aka karɓa.

Su kuwa Creek rigimarsu daga cikin gida ta taso. Ba ƙabila ɗaya ba ce mai sarki ɗaya, tarayyar garuruwa ce, kowane da dandalinsa da wutarsa ta ibada da shugabanninsa. Garuruwan Sama suna bakin kogunan Coosa da Tallapoosa, na Ƙasa suna bakin Chattahoochee da Flint, kusa da Jojiya. Tun 1796 wakilin gwamnatin Amurka, Benjamin Hawkins, yake zaune cikinsu yana tura abin da ake kira shirin wayewa: a bar farauta, a kama garma da kiwon shanu da noman auduga da saƙa. Manufar ba ɓoyayya ba ce, wanda ya daina farauta ba ya bukatar daji mai faɗi, sai ya sayar. Wasu iyalai, da yawansu 'ya'yan fataken Scotland da matan Creek, sun karɓi shirin suka yi arziki, har da bayi baƙar fata. Saura kuwa barewa ta yi ƙaranci, kasuwar fata ta faɗi, bashin 'yan kasuwa ya hau kansu, ana biyan bashin da ƙasa. A 1805 aka yarda Amurka ta ratsa ƙasarsu da hanyar doki, a 1811 aka faɗaɗa ta ta zama hanyar keken shanu, baƙi suka yi ta kwarara.

A wannan shekarar ta 1811 Tecumseh, shugaban al'ummar Shawnee daga arewa, ya zo babban taro a Tuckabatchee, ɗaya daga manyan garuruwan Creek, yana kiran dukkan 'yan asalin ƙasar su haɗa kai. Manyan majalisar Creek ba su amsa masa ba, amma matasa sun ji. Bayan tafiyarsa da 'yan watanni aka yi girgizar ƙasar New Madrid, daga Disamba 1811 zuwa Fabrairu 1812, wadda aka ji har ƙasar Creek, masu wa'azin komawa al'adar kakanni irin su Josiah Francis suka ce ga alama nan. Da wasu mayaƙa suka kashe fararen fata a bakin kogin Duck a 1812, da kuma kusa da bakin kogin Ohio a farkon 1813, Hawkins ya matsa wa majalisar Creek ta hukunta su, majalisa ta tura aka bi su aka kashe. A al'adar da jinin mutum haƙƙin danginsa ne, wannan ya zama tsokana. 'Yan tawaye suka ɗaga jan kulki, alamar yaƙi a wurinsu, daga nan sunan 'Yan Jan Kulki ya bi su. Suka fara da kashe shugabannin da ke tare da Hawkins, suna yanka shanu da aladu, suna ƙona kayan saƙa, a watan Yuli 1813 suka kewaye Tuckabatchee kanta.

Har zuwa nan yaƙin basasa ne. Abin da ya buɗe wa Amurka ƙofa shi ne ranar 27 ga Yuli 1813, lokacin da mayaƙan yankin Mississippi kimanin 180 suka yi wa ayarin Peter McQueen, ɗaya daga shugabannin 'Yan Jan Kulki, kwanton ɓauna a rafin Burnt Corn, yana dawowa daga Pensacola da albarushin da ya samo wajen gwamnan Sifaniya. Da farko sun yi nasara, sai suka shagala da wawason dawaki da kaya, 'Yan Jan Kulki suka dawo suka fatattake su. Ramuwar ta zo ranar 30 ga Agusta a Fort Mims, wani shinge na katako arewa da Mobile inda fararen fata da bayinsu da iyalan Creek masu adawa da tawayen suka fake. Kwamandan, Manjo Daniel Beasley, an gargaɗe shi bai ji ba, ƙofa ma a buɗe take. Mayaƙa kimanin 700 suka afka, aka kashe aƙalla mutum 250, har da mata da yara. Kisan gilla ne, babu wata hanyar kiransa. Sai dai labarin da ya isa Nashville ya shafe cewa da yawa daga masu kare shingen Creek ne, ya koma labarin jajaye sun yanka farare. Majalisar Tennessee ta ba Gwamna Willie Blount izinin tara mutum 3,500 ban da waɗanda ke cikin rajista. Jackson, wanda yake kwance da harsashi a kafaɗa daga wani faɗa da ya yi da 'yan'uwan Benton a Nashville, ya tashi ya hau doki da hannu a rataye.

Amfanin tuta a yaƙin wancan zamani a bayyane yake. Bindigar ɗuri tana fitar da hayaƙi mai kauri, bayan harbi biyu ko uku mutum ba ya ganin na kusa da shi, ba ya jin muryar hafsa. Tuta ce ke nuna inda sahu yake da inda za a taru idan an watse, shi ya sa kowane kamfanin soja yake da ƙaramin hafsa wanda asalin muƙaminsa na riƙon tuta ne. Amma wannan tsari na fili ne, inda runduna ke fuskantar runduna. Ƙasar Creek daji ce da fadama da rafuka, kuma yawancin abin da aka kira yaƙi a can farmaki ne a kan garuruwa da asuba. A Tallushatchee, ranar 3 ga Nuwamba 1813, mutanen Coffee sun kewaye gari suka kashe mayaƙa 186, mata da yara ma sun mutu a cikin gidaje. A cikin gawarwakin ne aka tsinci jaririn da Jackson ya aika gidansa, Lyncoya. Bayan kwana shida a Talladega aka kashe kimanin 300, amma wani sashe na mayaƙan jiha ya ja da baya, ɗaruruwa suka sulale ta giɓin. A Enotachopco a watan Janairu 1814 masu tsaron baya suka tsere da gudu, 'yan tsiraru da igwa ɗaya suka hana abin ya zama bala'i.

Alamar da ta fi tuta muhimmanci a wannan yaƙi ba a ɗinka ta da siliki ba. Tun da al'ummar Cherokee, maƙwabtan Creek, da Creek na garuruwan Ƙasa suna yaƙi a gefen Amurka, sai aka umarce su su sa farin gashin tsuntsu ko wutsiyar barewa a ka, don kada ɗan Tennessee ya harbe su. Wato mai bindigar ba ya iya bambance aboki da abokin gaba, sau da yawa ma bai damu ya bambance ba. Mutanen garuruwan Hillabee na Creek sun aika wa Jackson suna neman sulhu, ya amsa. Ranar 18 ga Nuwamba rundunar gabashin Tennessee, wadda take ƙarƙashin wani janar daban, John Cocke, ta faɗa musu ta hannun Janar James White, aka kashe kimanin 60, aka kama fiye da 200. Jiha ɗaya, runduna biyu, janar biyu masu kishin juna. Waɗanda suka tsira daga Hillabee sun ɗauka Jackson ne ya ci amanarsu, ba su sake neman sulhu ba.

Sai batun masu tutar kansu. Kirarin da ke jikinta ya ce sansani mazaunin daraja ne, amma sansanin Fort Strother a bakin Coosa mazaunin yunwa ne. 'Yan kwangilar abinci sun dogara da kogin Tennessee, ruwa ya yi ƙasa, kaya ba su iso ba, sojoji suka koma cin 'ya'yan itatuwan daji. A watan Nuwamba Jackson ya tare hanyar wasu masu komawa gida, ya ɗora bindiga a wuyan dokinsa ya ce zai harbe wanda ya fara motsawa. A watan Disamba rigima ta koma ta lissafi. 'Yan sa-kan tafiyar Natchez sun shiga aiki ranar 10 ga Disamba 1812 na shekara guda, don haka suka ce ranar 10 ga Disamba 1813 wa'adinsu ya cika. Jackson ya ce watannin da suka yi a gida ba sa cikin lissafi. Ya juya musu bakin igwa, suka tsaya, amma bayan 'yan kwanaki dole ya sake su. Ina ganin hujjarsu ba ta banza ba ce: manoma ne da suka bar iyali ba tare da shirin hunturu ba, kuma sun ɗauki aikin soja a matsayin yarjejeniya mai farko da ƙarshe. Zuwa tsakiyar Janairu mutanen da suka rage masa a sansanin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne isowar sababbin mayaƙa da kuma runduna ta 39 ta sojan tarayya a watan Fabrairu 1814. Da ya samu sojan da ba za su ce wa'adi ya cika ba, Jackson ya nuna wa saura iyakarsu. Ranar 14 ga Maris aka harbe wani matashi ɗan mayaƙan jiha, John Wood, a gaban runduna, saboda ya yi wa hafsa gardama ya ƙi bin umarni. Wannan kisa, da na wasu shida a 1815, ya bi Jackson har zaɓen 1828, inda 'yan adawa suka buga takardu masu hoton akwatunan gawa.

Ranar 27 ga Maris 1814 aka yi ta ta ƙare a Tohopeka, wani lanƙwasan kogin Tallapoosa da Turawa ke kira Horseshoe Bend. 'Yan Jan Kulki kimanin 1,000 ƙarƙashin Menawa sun toshe wuyan lanƙwasan da katangar gungumomi, iyalansu suna baya kusa da ruwa. Jackson ya zo da mutum kimanin 3,300, cikinsu Cherokee kimanin 500 da Creek kimanin 100 ƙarƙashin William McIntosh, wani shugaban garuruwan Ƙasa. Igwa biyu suka yi awa biyu suna dukan katangar ba su yi mata komai ba. Waɗanda suka karya tsaron su ne wasu Cherokee da ke ɗaya gaɓar, waɗanda suka faɗa kogi suka yi iyo suka kwaso kwalekwalen da aka ɗaure, suka yi ta ƙetarar da 'yan'uwansu, suka cinna wa ƙauyen wuta daga baya. Sai da hankalin masu tsaro ya rabu sannan runduna ta 39 ta hau katangar. Manjo Lemuel Montgomery ya mutu a kai, wani matashin hafsa Sam Houston, wanda daga baya ya shugabanci Texas, ya sha kibiya a cinya. An ƙirga gawa 557 a kan tudu, wasu ɗaruruwa an harbe su a cikin ruwa, jimilla kimanin 800. An kama mata da yara kimanin 350. A ɓangaren Jackson mutum 49 suka mutu, kusan rabinsu Cherokee da Creek ne. Menawa ya sha raunuka da yawa, ya kwanta cikin gawarwaki har dare ya yi, ya tsira ta kogi.

Takardar da ta faɗi gaskiyar abin da aka je nema ita ce yarjejeniyar Fort Jackson ta 9 ga Agusta 1814. Jackson ya nemi eka kusan miliyan 23, wato kusan rabin Alabama ta yau da wani babban yanki na kudancin Jojiya, a matsayin kuɗin yaƙi. 'Yan Jan Kulkin da suka rage yawancinsu sun tsere Florida, inda suka haɗu da al'ummar Seminole. Waɗanda aka tara su sa hannu su ne shugabannin da suka tsaya tare da Amurka, cikin su 35 mutum ɗaya ne kawai ɗan tawaye. Big Warrior na Tuckabatchee, wanda 'Yan Jan Kulki suka kewaye garinsa saboda ya ƙi bin su, ya yi ta roƙo a banza. Jackson ya ce laifinsu ne da suka bar Tecumseh ya yi magana a ƙasarsu ba su kama shi ba. Har ƙasar da Cherokee ke cewa tasu ce ta shiga cikin awon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An zana iyakar ne yadda za ta raba Creek da Sifaniya a kudu, ta kuma raba su da al'ummomin Choctaw da Chickasaw a yamma, ta buɗe hanya daga Tennessee zuwa teku.

Akwai wata ƙofa da ta so buɗewa. Yarjejeniyar Ghent da ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Ingila a watan Disamba 1814 tana da sashe na tara, wanda ya ce a mayar wa 'yan asalin ƙasar da ake yaƙi da su duk abin da suke da shi a 1811. Amurka ta ce wannan bai shafi Creek ba, tun da an riga an yi sulhu da su a Fort Jackson. Ingila ba ta ja ba.

Abin da ya biyo baya auduga ce. Mutane suka yi ta tururuwa daga Jojiya da Carolina da Virginia, har ana kiran abin zazzaɓin Alabama. Yankin da ba shi da baƙi fiye da kimanin 9,000 a 1810 ya kai kusan 128,000 a 1820, ya haura 309,000 a 1830, fiye da 117,000 daga cikinsu bayi ne 'yan asalin Afirka da aka kora kudu, da yawa an raba su da iyalansu. Mississippi ta zama jiha a 1817, Alabama a 1819. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a kalli irin waɗannan tutoci a gidan tarihi a matsayin kayan ado na jarumta kawai, ko kuma a matsayin ƙarya tsagwaronta. Matan da suka ɗinka ta Knoxville da gaske suke tsoron Ingila, bayan Fort Mims kuma tsoron mutanen bakin iyaka na gaske ne. Amma tsoron ya biya bukatar da ta riga shi zuwa, kuma masu tsara yaƙin sun san haka tun kafin a ɗaura sirdi.

Jackson ya samu muƙamin manjo janar na sojan tarayya saboda Tohopeka, ya ci Ingila a New Orleans a watan Janairu 1815, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828, ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa yamma a 1830. William McIntosh ya sayar da sauran ƙasar Creek ta Jojiya a yarjejeniyar Indian Springs ta 1825 ba da izinin majalisa ba, majalisa ta yanke masa hukuncin kisa, Menawa ne ya jagoranci waɗanda suka zartar. A 1836 da 1837 aka kwashe mafi yawan Creek zuwa inda yau ake kira Oklahoma, wasu cikin sarƙa, dubbai suka mutu a hanya da bayan isa. Ba a tambayi kowa ko kakansa ya ɗaga jan kulki ko ya sa wutsiyar barewa ba. Cherokee suka bi bayansu a 1838. A yau gwamnatin al'ummar Muscogee tana garin Okmulgee na Oklahoma, wani ƙaramin reshe kuma, na Poarch, ya rage a kudancin Alabama, kuma da yawansu jikokin iyalan da suka tsaya tare da Amurka ne a 1813.